Janani Luwum: Akbishop Da Ya Ƙi Yin Shiru A Gaban Idi Amin

Ran 17 ga watan Fabrairu 1977, Rediyon Yuganda ya ba da sanarwa cewa Akbishop Janani Luwum, shugaban Ikilisiyar Angilikan ta ƙasar, ya mutu cikin haɗarin mota tare da ministoci biyu, watau Charles Oboth Ofumbi da Erinayo Oryema. Wai sun yi ƙoƙarin fin ƙarfin sojan da ke tuƙa su ne, motar ta ƙwace. Da wuya a sami wanda ya gaskata. Soja suka kai gawarsa ƙauyensu, Mucwini, cikin akwati a rufe, da dangi suka buɗe sai ga raunukan harsashi a jikinsa.

Shi dai Luwum mutumin ƙabilar Acoli ne ta arewacin Yuganda, kuma da aikin koyarwa ya fara. A 1948 ya ba da kansa ga aikin bishara, ya zama limamin coci a 1956, Bishop na Arewacin Yuganda a 1969, sa'an nan Akbishop a 1974. A lokacin kuwa Janar Idi Amin ya shekara uku bisa mulki, tun da ya hamɓarar da Milton Obote a 1971, mutane suna ta ɓacewa ba labari. Har Alƙalin Alƙalai, Benedicto Kiwanuka, an ɗauke shi daga kotu a 1972, ba a sake ganinsa ba.

To, a irin wannan zamani hanya biyu ce shugaban addini ya saba bi: ko ya nisanci fada don kada a ga hannunsa cikin ɓarna, ko ya kusance ta ya ci moriya. Luwum bai bi ko ɗaya ba. Yakan je ofisoshin gwamnati da na 'yan sandan ciki da ƙafarsa, yana tambayar inda aka kai mijin wance ko ɗan wane, yana roƙon a sake su. Yakan kuma halarci bukukuwan gwamnati, abin da ya sa waɗansu mabiyansa suka riƙa zarginsa da zama ɗan amshin shatan Amin. Zargin yana da zafi, amma da ya daina zuwa don ya wanke sunansa, da matan da ke zuwa ƙofarsa suna kuka sun rasa mai kai ƙararsu. Abin lura shi ne, kusantar nan ba ta taɓa rufe masa baki ba.

Kada mai karatu ya ɗauka rigimar Musulmi da Kirista ce. A 1976 Luwum ya zauna taro da shugabannin Katolika da na Musulmi a kan kashe-kashen, domin bindigar Amin ba ta tambayar addinin mutum.

Ran 5 ga Fabrairu 1977, da tsakar dare, soja suka faɗa gidansa a Namirembe cikin birnin Kampala, suka ɗora masa bindiga, wai suna neman makaman da aka ɓoye. Ba su sami kome ba. Maimakon ya gudu, kamar yadda masoyansa suka ba shi shawara, sai shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Amin takarda, suka sa hannu da sunayensu. Suka gaya masa ƙarara cewa bindigar da aka saya don tsaron 'yan ƙasa ita ce aka juya a kansu.

Ran 16 ga wata aka kira su wani babban taro a Kampala. Aka baje makamai, aka karanta takardun da ke cewa Akbishop yana da hannu cikin makircin Obote, soja suna ta ihu a kashe. Daga bisani aka sallami sauran bishop-bishop, aka riƙe shi. A daren nan aka harbe shi. Bishop Festo Kivengere kuwa sai da ya ƙetare duwatsu zuwa Ruwanda ya tsira.

Mulkin Amin ya faɗi a watan Afrilu 1979, shi kuma ya mutu a Jidda a 2003. A 1998 aka kafa mutum-mutumin Luwum a bangon majami'ar Westminster ta birnin Landan, cikin mutum goma da aka kashe saboda bangaskiyarsu a ƙarni na 20, sa'an nan a 2015 gwamnatin Yuganda ta mai da ranar 16 ga Fabrairu ranar hutu don tunawa da shi.