Baƙon Kifi da Tsilar da Ke Cikinsa

Gulbin Zamfara, wanda ake kira Gulbin Gindi a wajajen Jega, shi ne babban ruwan da mutanen Jega da Aliero da Maiyama da Birnin Malam suka sani. Daga nan yake gangarawa ya haɗu da Gulbin Kabi, su faɗa Kwara. Sarkawa da sauran masunta sun laƙanci kifayen wannan ruwa, kowane da sunansa da halinsa: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, giwan ruwa, bargi, yauni, gaiwa da sauransu. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan kifin da babu sunansa a wannan jeri, wato baƙon kifi, da kuma abin da yakan ɗauko a cikinsa.

Hausa ba ta rasa sunayen halittun da ke rayuwa a jikin wasu ba. Akwai kaska da kwarkwata da matsattsaku, akwai kauci a bishiya da ƙuduji a gonar gero, akwai tsila a hanji. Kalma guda mai tattara su duka ce ta yi wuya. Wasu malamai sukan ari "ci-ma-zaune", amma aron bai zauna daidai ba, domin ci-ma-zaune nauyi kawai yake ɗora wa mai gida, waɗannan kuwa har kisa suna yi. Karin maganar nan, "kaska raɓi mai jini", ta fi kusa da ma'anar.

Baƙon kifi ya daɗe da shigowa Arewa. A 1954 aka kawo kifin kaf daga Ostiriya zuwa gonar kifi ta Panyam, a Jihar Filato ta yanzu. Dangin wannan kifi ne suka yaɗa wata tsila a duniya. Asalinta gabashin Asiya ne, kuma wani masani ɗan Japan, Yamaguti, ya fara bayyana ta a 1934. A yau masana na kiranta Schyzocotyle acheilognathi. An same ta a cikin kifaye fiye da iri 200, a kowace nahiya in ban da ƙurewar kudancin duniya mai ƙanƙara.

Yadda take rayuwa shi ne abin lura. Tana maƙale a hanjin kifi, ƙwanta na fita tare da kashinsa ya ƙyanƙyashe a ruwa. Sai wasu 'yan ƙananan ƙwarin ruwa, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, su haɗiye tsutsar. Ɗan kifi kuwa ba shi da abincin da ya wuce waɗannan ƙwari, saboda haka da ya ci su tsilar ta samu sabon masauki. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, don irin ƙwarin nan ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu a ruwan tafki, cutar da aka ga ƙarshenta a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da haka a 2013. Kurkunu dai an kawar da shi, amma ƙwarin suna nan a kowane tafki da fadama. Daɗa tsilar ta fi haɓaka a ruwa mai ɗumi, abin da ƙasar Kabi ba ta rasa ba. Babban kifi yakan jure mata. Ƙarami ne take toshe wa hanji, ya rame, cikinsa ya kumbura, ya mutu tun bai kai girman shiga koma ba.

Muhimmin abu shi ne, da zarar ta shiga gulbi ba ta ƙara bukatar wanda ya kawo ta. A Afirka ta Kudu ta shiga tare da kifin kaf a wajen 1975, daga baya aka iske ta a cikin kifayen asali na Kogin Bal. A Amurka ta kama wani kifi na Kogin Kolarado wanda dama ya kusa ƙarewa. Ke nan ko an kame baƙon kifin kakaf, tsilar ta riga ta zama 'yar gida.

A nan ne al'adar su take da giɓi. Sarkin ruwa yana da ikon rufe wuri, ya hana su har kifi ya hayayyafa, kamar yadda ake tsare Matan Fada domin bikin Argungu. Wannan doka ta gargajiya masunci take tsarewa da komarsa, ba ta san da tankin kiwon kifi da ke bayan gari ba, wanda ake sayo wa 'ya'yan kifi daga nesa a cikin jarkoki. Ruwan jarka kansa yana iya ɗauko ƙwan tsila da ƙwarin da suka haɗiye ta. In kuma aka yi ambaliya irin ta 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, tanki da fadama da gulbi duk ruwa ɗaya suke zama. Abin da masana kiwon kifi ke shawarta shi ne a killace sabon iri na 'yan makonni, a fede kaɗan a duba hanjinsu, kada kuma a juye ruwan da suka zo a ciki inda zai gangara gulbi.