Ranar da Lisp Ta Cije a Sararin Samaniya

Da safiyar Talata, 18 ga Mayun 1999, injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka suka lura injin kumbon Deep Space 1 yana ta aiki bayan lokacin da ya kamata a ce an kashe shi ya wuce. Kumbon na can nesa da duniya fiye da kilomita miliyan 90, kuma a wannan lokacin ba mutum ke tuƙa shi ba. An miƙa ragamarsa ga wata manhaja mai suna Remote Agent, wadda aka rubuta da harshen Lisp. Manhajar ba ta mutu ba, ba ta kuma yi ƙorafin komai ba. Shiru kawai ta yi.

An harba kumbon ne ranar 24 ga Oktoban 1998 daga Cape Canaveral, don gwada sababbin fasahohi 12 da ake tsoron ɗora wa manyan tafiye-tafiye, ciki har da injin da ke tunkuɗa kumbo da iskar zenon. Remote Agent na cikin waɗannan. Cibiyoyin NASA biyu ne suka haɗa hannu a kanta, Ames da JPL, duk a Kalifoniya. Aikinta shi ne a faɗa mata abin da ake so, ita kuma ta tsara yadda za a yi, ta aiwatar, idan wani abu ya lalace ta nemi mafita ba tare da jiran umarni daga ƙasa ba.

Don a ga iyakarta, sai aka shirya mata ƙarya. An tsara a ruɗe ta cewa makunnin kyamara ya maƙale, wata na'urar lantarki ta tsaya, wani ma'auni na kawo bayanin banza, sannan ɗaya daga cikin ƙananan injinan juya kumbon ya ƙi tashi. Kowace matsala da maganinta: ta sake tsara jadawali, ta kashe na'ura ta kunna, ta daina sauraron ma'aunin, ta koma juya kumbon ta wata hanya. An fara gwajin ranar Litinin 17 ga wata, komai na tafiya daidai, har matsalar gaske ta iso, wadda babu wanda ya shirya.

Lisp tsohon harshe ne. John McCarthy ya ƙirƙiro shi a jami'ar MIT a 1958. Reshensa da aka yi amfani da shi, Common Lisp, yana da wata ɗabi'a game da kuskure da har yau harsuna da yawa ba su kamo ba. A Java ko Python, in kuskure ya auku, shirin yakan watsar da aikin da ke hannunsa ya koma baya neman wanda zai karɓi ƙarar. Kafin ƙarar ta isa, an riga an rushe wurin da abin ya faru. A Common Lisp kuwa, ana sanar da matsalar alhali komai na nan a tsaye. Ɓangaren da ya ci karo da ita yana iya ajiye zaɓuɓɓuka: a sake gwadawa, a yi amfani da wata ƙima, a tsallake. Wani ɓangare na sama, ko mutum da kansa, shi zai zaɓa, aiki ya ɗora daga inda ya tsaya. Kent Pitman na cikin waɗanda suka fi yi wa wannan tsari aiki kafin tsarin ya shiga ƙa'idar harshen ta 1994. Duk bakaniken da ke bakin titin Suleja zai gane hikimar: ya fi son a kawo masa mota tana kukanta, da a kashe ta a zo ana ba shi labarin yadda ta yi.

Sai dai duk wannan tanadi na kuskuren da ya bayyana kansa ne. Abin da ya sami Remote Agent bai ta da wata ƙara ba. Ɓangarori biyu na manhajar suna aiki a lokaci guda, ɗaya na jiran sanarwa daga ɗayan. Na farkon ya duba, ya ga babu sabon labari, ya yanke shawarar kwantawa har a tashe shi. A ɗan taƙin da ke tsakanin dubawar da kwanciyar, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, sanarwar ta zo ta wuce. Ya kwanta yana jiran abin da ya riga ya faru, ɗayan kuma na jiran sa. A wurin kwamfuta jira ba laifi ba ne, don haka babu abin da za a kama. An gwada manhajar a ƙasa ba adadi, wannan haɗuwar ba ta taɓa faruwa ba sai a can.

Abin da ya taimaka wani hali ne na Lisp: ana iya yi wa shiri magana yana cikin aiki. Ka rubuta masa umarni, ya karanta, ya aiwatar, ya nuna amsa, ya jira na gaba. Wannan ƙofar tana buɗe a cikin kumbon. Ta manyan farantan sadarwa na Deep Space Network, da ke Goldstone da Madrid da Kanbera, injiniyoyin suka riƙa aika tambaya. Ko da gudun haske, saƙo sai ya ci kusan minti biyar kafin ya isa, amsa ma haka, ban da jiran sa hannun manya kafin a tura ko harafi ɗaya. Suka nemi kowane ɓangare ya faɗi inda ya tsaya da abin da yake jira, a nan aka ga mai barcin. Ron Garret, wanda a lokacin ake kira Erann Gat, shi ya rubuta harshen da ɓangaren aiwatarwa na manhajar ke amfani da shi, kuma daga baya ya ba da labarin yadda wannan ƙofa ta yi musu rana.

Ana yawan ba da labarin kamar an gyara manhajar ne daga ƙasa aka ci gaba. Ba haka ya ƙare ba. An gano cutar, an haɗa facin, amma shugabannin aikin suka ƙi a ɗora shi, saboda ba a gwada shi sosai ba, kuma da wuya haɗuwar ta sake faruwa. A ganina sun yi daidai. Facin gaggawa a kan kumbon da babu mai iya zuwa wurinsa ya fi tsohon kuskuren da aka sani haɗari. Aka tsayar da gwajin da kusan kashi 70 cikin 100 na burinsa a hannu, aka shirya sabo na awa shida, aka gudanar ranar Juma'a 21 ga Mayu, ya kammala sauran. A shekarar, Remote Agent ta shiga cikin waɗanda suka ci kyautar manhajar shekara ta NASA.

Abin takaicin shi ne an taɓa ganin irin wannan kuskure. A 1997, Klaus Havelund da Mike Lowry da John Penix na Ames sun bi wani yanki na manhajar da SPIN, manhajar binciken da ke gwada kowane jerin da abubuwa za su iya faruwa a kai, suka tono kurakurai biyar. Ɗaya daga ciki kusan tagwaye ne da wanda ya bayyana a sama. An gyara shi a inda aka gan shi, ɗan'uwansa kuwa yana wani yankin da binciken bai kai ba. Bayan abin ya faru, masu binciken suka ɗauki rubutun manhajar ba tare da an nuna musu wurin ba, cikin hutun ƙarshen mako guda suka gano shi.

Kumbon ya ci gaba da tafiyarsa a ƙarƙashin manhajarsa ta yau da kullum. Ya wuce kusa da dutsen sararin samaniya mai suna Braille a Yulin 1999, ya ɗauko hotunan tauraruwa mai wutsiya Borrelly a Satumban 2001, aka kashe injinsa ranar 18 ga Disamban shekarar. A JPL kuwa nasarar ba ta ceci Lisp ba: sababbin ayyuka suka karkata ga C++ da Java, Garret kuma ya tafi Google a 2000.