Dolfin: Dabbar Da Ke Gadon Sana'ar Uwarta

Duk wanda fatauci ya kai shi bakin teku, Tema ne ko Kwatano ko Duwala, da wuya a ce bai ji labarin dolfin ba. Kifi muke ce masa, amma haihuwa yake yi, uwa ta shayar da ɗanta nono, kuma dole ya leƙo sama ya shaƙi iska ta wata kafa da ke tsakar kansa. Ni dai tsalle-tsallen da yara ke kallo a waya bai dame ni ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda yake koyon sana'a.

A mashigin Shark Bay da ke yammacin Ostireliya, tun a 1984 masu bincike suka lura da wasu dolfin na yawo da soson teku a ɗora a kan dogon bakinsu. Ashe kayan aiki ne. Da shi suke tonon yashin ƙarƙashin ruwa su tayar da kifin da ya ɓuya, soson kuma ya kare su daga kaifin duwatsu. Ba duka suka iya ba. Wanda uwarsa ke yi shi ke tasowa da shi, kuma 'ya'ya mata sun fi ɗauka. Ɗan dolfin yakan yi shekara uku zuwa huɗu manne da uwarsa, yana kallo yana kwaikwayo. To ka ji fa, daidai da yaron da aka zaunar a shago tun yana ƙarami, ba a ce masa komai ba amma ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba.

Akwai ma masu haɗa hannun jari da mutane. A garin Laguna na kudancin Barazil, masunta kan jeru a cikin ruwa da ragarsu, ruwan kuwa gurɓatacce ne, ba sa ganin komai. Dolfin ne ke koro musu kifi, sai ya yi wani irin nutso, alamar a jefa raga ke nan. Kifin da ya ruɗe ya zama rabonsa. Sun haura shekara ɗari a haka. Masuntan Imragen na Muritaniya ma a da sukan bugi ruwa da sanda idan garken kifi ya zo, dolfin su taho.

Kowannensu kuma yana da fito nasa na kansa, kamar suna. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna dolfin na gane fiton abokin da suka rabu shekara ashirin.

Shi ya sa abin da ke faruwa a gaɓar tekunmu yake damuna. Akwai wani dolfin mai tozo da ba a samunsa ko'ina sai daga Yammacin Sahara zuwa Angola, kuma a 2017 aka sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Ragar masunta ce ta fi kashe shi, don idan ya maƙale ya kasa leƙowa ya yi numfashi, shi ke nan. A garuruwa irin su Dixcove da Axim a Gana, dolfin da raga ta kama akan yanka shi a yi tarkon kifin shak, ko a kyafe naman a kai kasuwa. Idan uwa mai shayarwa ce ta faɗa, ɗan da ta bari a ruwa ba kasafai yake rayuwa ba.