Yadda ake gina amincewar jama'a da tsarin lafiya da yadda ake auna ta: Darasi daga rigakafin shan inna

A shekarar 2003, gwamnatin Jihar Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin cutar shan inna, bayan wasu malamai da shugabannin al'umma, ciki har da Dakta Datti Ahmed, sun yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba da aikin, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma a 2006 yara fiye da 1,000 ta kama a Najeriya.

A lokacin akwai magani, akwai kuɗi, akwai ma'aikata. Yardar iyaye ce ta yi ƙaranci. Shi ya sa wannan labari ya zama abin nazari ga duk mai son fahimtar yadda tsarin lafiya ke karɓuwa ko ya rushe.

Daga ina shakkun ya samo asali?

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Ga kuma tambayar da magidanta suka yi ta maimaitawa: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai an biya kuɗin magani? Tambaya ce mai ma'ana, kuma sanarwar rediyo kaɗai ba ta isa ta amsa ta ba.

Yaya aka dawo da yarda?

Matakin farko shi ne sauya masu isar da saƙo. A 2009, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Daga nan hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin da kansu. Adadin yaran da cutar ta kama ya sauko daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010.

Na biyu, an ɗauko matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da biki, suka riƙa shiga gidaje suna tattaunawa da iyaye mata. Na uku, an amsa ƙorafin magidanta a aikace: aka riƙa kafa sansanonin duba marasa lafiya a lokacin rigakafi, ana ba da magungunan cututtukan yau da kullum.

Tafiyar ba ta rasa cikas ba. Adadin ya sake haurawa zuwa 122 a 2012, kuma a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Duk da haka, a 2016 aka ga ƙwayar cutar ta asali a karon ƙarshe, a Jihar Borno, sannan a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Da me ake auna goyon baya?

Cikar fili ranar ƙaddamarwa da jawabin gwamna ba sa nuna abin da ke faruwa a ƙofar gida. Ma'aikata kan shafa tawada a ƙaramin yatsan yaron da aka ɗiga wa magani, su kuma yi alama da alli a bangon gida. Bayan an kammala zagaye, masu sa ido daban kan zaɓi yara 60 a ƙaramar hukuma su duba yatsunsu, domin a gane ko rahoton ma'aikata ya yi daidai da zahiri.

Abu mafi amfani shi ne rubuta dalilin da ya sa aka rasa kowane yaro. Ko ba ya gida ne? Ko ma'aikata ne ba su je ba? Ko maigida ne ya ƙi? In ya ƙi, saboda tsoron maganin ne, ko fushi ne kan rashin ruwan sha da hanya? Kowane dalili da maganinsa. Garin da ma'aikata ba su je ba gyaran aiki yake buƙata, kuma kuskure ne a lissafa shi cikin masu adawa.

Alƙaluma ma kan yi yaudara. Amsar da mutum zai bai wa mai ƙuri'ar jin ra'ayi, musamman a gaban dagaci, tana iya bambanta da abin da zai yi bayan baƙi sun tafi. Haka nan, miƙa yaro ga wanda ya zo har gida daban ne da ɗaukarsa zuwa asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara masu wata 12 zuwa 23 suka samu dukkan muhimman alluran rigakafi.

Me ya shafi matasa?

Sababbin tsare-tsare na ci gaba da zuwa. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata rigakafin sankarar bakin mahaifa, a Disamban 2024 kuma aka fara na zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Duk lokacin da wani jami'i ya ce jama'a sun rungumi shiri, akwai tambayoyin da suka dace a yi masa. Wa aka tambaya, kuma wa ya yi tambayar? Gida nawa suka ƙi, kuma mene ne dalilinsu? Wane gyara aka yi bayan jin ƙorafin? Jami'in da ke da waɗannan amsoshi ya auna goyon bayan da yake magana a kai. Wanda ba shi da su, hasashe yake yi da lafiyar 'ya'yan jama'a.