Kek ɗin Biki da Katin Tallafin Abinci a Amurka: Abin da Doka Ta Yarda da Abin da Jita-jita Ta Ƙara

Daga cikin maganganun da ba sa tsufa a muhawarar tallafin gwamnati a Amurka akwai batun kek, wato zargin cewa masu karɓar tallafin abinci suna sayen manya-manyan kek na bikin aure da na zagayowar ranar haihuwa da kuɗin masu biyan haraji, alhali ma'aikacin da ke bayansu a layi yana ƙirga 'yan canjinsa kafin ya ɗauki burodi. A tsakanin masu katin kansu kuma wata jita-jitar ce ke yawo, wadda ke cewa doka ta haramta kek ɗungurungum, har ma wanda ya kuskura ya saya za a iya yanke masa tallafi. Kowace daga cikin maganganun nan biyu ta riƙe wani yanki na gaskiya ta lulluɓe shi da ƙari, kuma ba za a iya raba su ba sai an san yadda shirin yake aiki.

Shirin da ake magana a kai shi ne wanda aka sani da SNAP, taƙaitaccen sunan shirin ƙarin tallafin abinci mai gina jiki, wanda Ma'aikatar Noma ta Amurka ke kula da shi, gwamnatin tarayya ce ke biyan kuɗin, jihohi kuma su ke tantance masu nema su raba. An fara gwada shi a 1939 ta hanyar takardu masu launi da ake musanyawa da abinci, aka dakatar a 1943, sannan ya zama doka mai ɗorewa a 1964 zamanin shugaba Lyndon Johnson, kuma a 2008 ne aka sauya masa suna zuwa wanda yake ɗauke da shi yau. An daina raba takardun tun 2004, lokacin da dukkan jihohi suka koma amfani da katin EBT, wani kati mai kama da na cirar kuɗi a banki wanda ake zuba wa kuɗi sau ɗaya a wata, ana amfani da shi da lambar sirri a kantunan da aka ba izini. A shekarar kuɗi ta 2024 mutane kusan miliyan 42 ne ke karɓa a kowane wata, kimanin mutum ɗaya cikin takwas na al'ummar ƙasar, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu yara ne, ko tsofaffi, ko masu naƙasa.

Gaskiya ce cewa a dokar tarayya ana iya sayen kek da wannan kati, kuma dalilin yana cikin yadda dokar ta fassara abinci. Ba ta jera abubuwan da aka halatta ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne ta ce duk abincin da ake saya domin a ci a gida ya shiga, sannan ta cire wasu 'yan abubuwa da sunansu, wato giya, da taba, da abincin da yake da zafi a lokacin sayarwa. Magunguna da ƙwayoyin ƙarin sinadarai da duk abin da ba abinci ba, kamar sabulu da abincin dabbobi, su ma ba sa shiga. Saboda haka gasasshiyar kaza mai zafi da ke juyawa a bayan gilashi ba ta halatta ba, amma kek ɗin da aka toya a wannan kantin ya huce ya halatta, lamarin da ke ba mutane da yawa mamaki, kuma yana daga cikin abubuwan da ke rura wutar jita-jitar. Wannan tsari bai zo bisa kuskure ba, domin tun a 1964 daftarin da majalisar wakilai ta zartar ya nemi a cire lemon kwalba da abincin da aka kira na alfarma, amma dokar da aka sanya wa hannu ba ta ɗauki wannan sharaɗi ba. Ke nan 'yan majalisa sun ga tambayar tun farko, kuma sun zaɓi su bar wa magidanci hukuncin abin da zai sa a tukunyarsa.

Sai dai ba gaskiya ba ne cewa kowane irin kek ya halatta. Ƙa'idar da hukumar abinci ta ma'aikatar ta shimfiɗa ita ce, kek na ranar haihuwa da na sauran bukukuwa yana shiga matuƙar darajar adon da ba a ci ba ta wuce rabin farashinsa ba. Kalmomin da suka fi muhimmanci a nan su ne "adon da ba a ci". Furannin da aka yi da sukari da man shanu, da rubutun sunan yaro da aka zana da kirim mai launi, duk abinci ne, komai yawansu ba sa shiga lissafin. Abin da ake ƙirgawa shi ne 'yar tsanar roba da aka dasa a sama, da ginshiƙan roba da ke ɗauke da hawa-hawan kek ɗin aure, da ƙyalle da makamantansu. Idan aka ɗauki kek na dala 30 a matsayin misali, wanda 'yar motar roba da ke kansa ta kai dala 5, sayensa da katin daidai ne. In kuwa kayan adon sun haura dala 15, abin ya tashi daga abinci ya koma kayan ƙawa, kuma katin ba zai biya ba. Irin wannan ma'auni ne ake amfani da shi ga kwandon kyauta da aka haɗa abinci da wasu kaya a ciki. A aikace mafi yawan kek ɗin da manyan kantuna ke sayarwa ba sa ko kusantar wannan iyaka, domin kuɗinsu na fulawa ne da ƙwai da kirim da aikin hannu.

Wanda ya tsaya kusa da teburin biyan kuɗi zai ga yadda abin ke gudana ba tare da gardama ba. Uwa ta ɗora kek, da madara, da fakitin kyandir, da faranti na takarda, da balan-balan, mai karɓar kuɗi ya wuce da su ta gaban na'ura ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa na'urar tuni an saka mata alamar abin da ya shiga da wanda bai shiga ba. Da an goga katin an danna lambar sirri, kuɗin kek da madara su fita daga tallafin, ba tare da harajin saye ba, domin doka ta hana a ɗora shi kan abin da aka saya da katin, sai allon ya nuna ragowar kuɗin kyandir da faranti da balan-balan, waɗanda dole ta biya daga aljihunta ko ta mayar da su.

Haka nan ba kowane gidan kek ke karɓar katin ba, kuma wannan shi ne ɓangaren da masu yaɗa labarin kek ɗin aure mai hawa biyar suka fi mantawa. Kafin kanti ya samu izini, dole ko dai ya kasance yana ajiye nau'o'i daban-daban na abincin yau da kullum daga rukunai huɗu, wato kayan lambu da 'ya'yan itace, nama da kifi, madara da dangoginta, da burodi da hatsi, ko kuma fiye da rabin cinikinsa ya fito daga irin wannan abinci. Kek da alewa da biskit ba sa cikin abincin yau da kullum a wannan lissafi, ana ɗaukarsu a matsayin abin ƙari, don haka shagon da sana'arsa ita ce ƙera kek na alfarma bisa oda da wuya ya cika sharaɗin. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana kanti karɓar kuɗin tallafi kafin ya miƙa abincin, in ban da wasu 'yan keɓantattun wurare irin ƙungiyoyin haɗin gwiwa na saye da manoman da ke sayarwa kai tsaye, abin da ke nufin kafin alƙalamin da masu kek ɗin biki ke nema makonni kafin ranar ba ya biyuwa da katin. Kuɗin kai kaya gida ma ba ya biyuwa da shi.

Babbar ƙaryar da ke ƙarƙashin zancen gaba ɗaya ita ce tunanin cewa sayen kek yana ƙara wa gwamnati kashe kuɗi, ko kuma akwai wani kaso na musamman da ake bayarwa domin bukukuwa. Babu wannan. Ana lissafa abin da gida zai samu ne bisa yawan mutanensa da kuɗin shigarsa, a kan wani ma'auni na abinci mafi rahusa da ma'aikatar ke fitarwa, tare da ɗaukar cewa gidan zai kashe kashi 30 cikin 100 na abin da ya rage masa na kuɗin shiga wajen abinci, sai tallafin ya cike giɓin. A 2024 matsakaicin abin da mutum ɗaya ke samu bai wuce kimanin dala 187 a wata ba, wato dala 6 da 'yan kai a rana, a ƙasar da abinci ke da tsada. Ko gidan ya sayi wake da shinkafa zalla, ko ya sayi kek, adadin da baitulmali ya fitar ɗaya ne. Kek na dala 30 abincin mutum ɗaya ne na kusan kwana biyar, kuma wanda ya saya shi ne zai ji raɗaɗin a makon ƙarshe na wata, lokacin da katin galibin gidaje ya riga ya yi sauƙi, domin binciken ma'aikatar ya sha nuna cewa mafi yawan kuɗin yana ƙarewa cikin makonni biyu na farko. Uwar da ta matse cefanenta, ko ta bar ɗan ragowa ya haura zuwa watan gaba kamar yadda doka ta yarda, domin ɗanta ya ga sunansa a kan kek sau ɗaya a shekara, ba ta ci amanar kowa ba. Hukunci ta yanke a kan kuɗin da doka ta damƙa mata, irin wanda kowace uwa ke yankewa, kuma yaron da ya tashi cikin talauci bai rasa haƙƙin a yi murna da shi ba.

Zargin cewa masu katin sun fi sauran jama'a wawushe kayan zaƙi yana da ɗan abin kamawa, amma bai kai yadda ake kururuta shi ba. A 2016 ma'aikatar ta fitar da wani nazari da ya dogara da bayanan cinikin wani babban kamfanin kantuna na 2011, inda aka ga cewa a kowace dala da gidajen da ke da katin suka kashe, kimanin santi 40 sun tafi ga nama, kayan lambu, madara, ƙwai da burodi, kimanin santi 20 ga lemon zaƙi, kayan zaƙi, alewa da kayan ƙwalama masu gishiri, sauran kuma ga hatsi, shinkafa, wake da makamantansu. Kwandon gidajen da ba su da katin ya yi kama da wannan sosai. A kayan zaƙi da aka riga aka haɗa, rukunin da kek ke ciki, bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba; cikin kayan sukari, inda tazarar ta fi fitowa shi ne lemon zaƙi. Matsalar yawan shan sukari gaskiya ce, kuma likitocin da ke damuwa da ita ba maƙiyan talakawa ba ne, amma matsala ce ta teburin Amurkawa baki ɗaya, kuma lemon da ake sha kullum ya fi kek ɗin shekara-shekara nauyi a cikinta nesa ba kusa ba.

Wani rikicin yana tasowa ne daga cakuɗa shirye-shirye. Shirin WIC, na mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, yana da jerin abinci ƙayyadadde kamar madara, ƙwai da hatsi, kuma kek ba ya ciki, don haka wanda ya ce an hana shi kek da kati yana iya zama ya faɗi gaskiya game da wani shirin daban. Tallafin tsabar kuɗi na TANF kuma a jihohi da yawa yana shiga kati ɗaya da na abinci, ta yadda mai kallo zai ga an biya kyandir da katin ya ɗauka an karya doka. Game da tsoron hukunci, sayen abin da na'ura ta amince da shi ba laifi ba ne. Laifin da ake kora da gurfanarwa a kansa shi ne sayar da tallafin a karɓi tsabar kuɗi, wanda ƙididdigar ma'aikatar ta shekarun 2012 zuwa 2014 ta sa shi a kimanin santi ɗaya da rabi cikin kowace dala.

Abin da ya sauya da gaske, kuma ya sa tsohuwar amsa ta "ko'ina ya halatta" ta daina wadatarwa, ya faru ne a 2025. Shekaru da dama ma'aikatar tana ƙin buƙatun taƙaita abin da ake saya, kamar na jihar Minnesota a 2004, da na birnin New York kan lemon zaƙi wanda aka ƙi a 2011, da na jihar Maine daga baya, bisa hujjar cewa rarrabe dubban kayayyaki zai wahalar da kantuna kuma babu tabbacin zai gyara lafiya. A watan Mayun 2025 sakatariyar noma Brooke Rollins ta sanya hannu kan izini na farko ga jihar Nebraska domin cire lemon kwalba da abin sha mai ƙara kuzari, kuma kafin shekarar ta ƙare jihohi 18 sun samu irin wannan izini na gwaji, wanda ya fara aiki a wasunsu, ciki har da Indiana da Iowa, daga 1 ga Janairun 2026. Galibin waɗannan izini sun tsaya ne kan lemo da alewa, ba su taɓa kek ba. Jihar Florida ce fitacciya cikin waɗanda suka ƙara da kayan zaƙi, kuma fassararta ta nufi waɗanda kamfanoni ke kunshewa su daɗe a kan kanta ba su lalace ba, wanda ya bambanta da kek ɗin da sashen toye-toye na kanti ya haɗa jiya. Labarin da ke cewa Amurka ta haramta kek ga masu tallafi ya ɗauki matakin wasu jihohi kan wasu kayayyaki ya mayar da shi dokar ƙasa baki ɗaya, kuma illarsa tana sauka ne a kan iyayen da za su fasa abin da doka ta ba su dama saboda tsoron kunya a gaban layi. Gidan da ke son tabbaci kafin ranar bikin zai same shi a jerin da hukumar jin daɗin jama'a ta jiharsa ke wallafawa, ko kuma wajen ma'aikacin sashen kek, wanda zai iya duba lambar kayan a na'ura kafin a rubuta sunan yaron a kai.