Ranar da aka fasa Dirki a Kano

A fadar Kano ta zamanin sarakunan Haɓe akwai wani ƙunshi da ake kira Dirki. An fara shi ne a mulkin Sarki Muhammadu Zaki, tsakanin 1582 da 1618. Naɗe yake cikin fatu, ana yanka masa shanu, manyan fada kuwa sun sakankance cewa duk sarkin da ya hana shi yanka ba zai wanye lafiya ba. Sarki ya mutu, wani ya hau, ana ta zubar da jini, har aka daina tambayar abin da ke cikin ƙunshin.

Muhammadu Alwali ya hau gadon sarauta a 1781. Mutum ne mai tanadi, don yana hawa ya cika rumbuna da gero da dawa saboda yaƙi ko fari. Duk da haka yunwa ta auka wa ƙasar. Sai manyan fada suka zo masa da maganar Dirki: a ba da shanu arba'in. Alwali ya ce ba zai bayar ba. Suka yi masa kashedi, ransa ya ɓaci, ya tura samari da gatura.

Suka yi ta sara, fatun suna ɓarewa, har abin da ke ciki ya bayyana. Alƙur'ani ne, kyakkyawa. Kusan shekara ɗari biyu ke nan ana yi wa Littafin Allah yankan tsafi, ba wanda ya buɗe shi balle ya karanta.

Ba a daɗe ba jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya iso Kano. Ƙasa ta rabu biyu, wasu na bayan sarki, wasu na bayan malamai irin su Malam Bakatsine da Dabon Dambazau. Aka karya rundunar Alwali a Ɗanyaya. Ya gudu Zariya, ya komo wajen Rano, aka cim masa a Burumburum aka kashe shi. Malam Sulaimanu ya zama sarki, mulkin Haɓe ya ƙare a 1807.

Littafi Mai Tsarki ma yana da irin wannan labari. Mutanen Yahuza sun kasance suna ƙona turare ga macijin tagulla da Musa ya ƙera, har sai da Sarki Hezekiya ya farfashe shi. Abu mai tsarki ne nan ma aka mayar gunki.

Masu riƙe da al'ada sun ɗora faɗuwar Alwali a kan gatarin da ya sa wa Dirki. Ni dai ina ganin laifin yana kan waɗanda suka naɗe Littafin suka hana a karanta. Alwali ya kwance ƙunshin, amma ya makara.