ILIMI KYAUTA A HAJJ YUSUF: AN CE DA KARE ANA BIKI A GIDANSU

Duk wanda ya taɓa raka yaro makarantar gwamnati a Hajj Yusuf ranar da aka koma karatu, ya san akwai tambayar da ake yi masa tun kafin a tambayi sunan yaron, ita ce: ka zo da musahama? Ba a kiranta kuɗin makaranta, domin doka ta hana. Sunanta gudummawa, kuma wai ta ganin dama ce. Amma uban da bai ga dama ba, kafin sati ya zagayo zai ga ɗansa ya dawo gida da hantsi, da jakarsa a kafaɗa, an ce ya je ya zo da waliyyinsa.

Mai karatu, a takarda kam ilimi kyauta ne a ƙasar nan, ba tun yau ba. Sashe na 44 na tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005 ya ce karatun matakin farko tilas ne, kuma hukuma za ta bayar da shi kyauta. Dokar yara ta 2010 ta maimaita wannan magana. Takardar tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2019 ma ta ƙara faɗaɗa alkawarin. A 2020 ministan ilimi na gwamnatin Abdalla Hamdok, wato Farfesa Muhammad al-Amin al-Tom, ya fito ya yi shelar ilimi kyauta, jama'a suka yi ta murna. To amma Hausawa sun ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Mu dai a Maigoma da Radmiyya da Shigla da Takamul, abin da muka gani a ƙasa shi ne takardar neman kuɗi.

Yadda kaya ya sauka a kan iyaye

Dattawanmu da suka yi karatu a zamanin da, suna ba da labarin da yaran yanzu ke ɗauka tatsuniya ce. A manyan sakandare irin su Hantub da Wadi Sayyidna da Khor Taggat, hukuma ce ke ba ɗalibi littafi da makwanci da abinci. Gaskiya ne waɗanda suka shiga waɗannan makarantu 'yan ƙalilan ne, kuma Hausawa a cikinsu sun fi kowa ƙaranci, domin iyayenmu na can cikin gonakin audugar Jazira da na dawar Gadarif, 'ya'yansu kuma suna khalwa da allo. Amma dai wanda Allah Ya ba sa'ar shiga, talaucin ubansa bai fitar da shi ba.

Al'amura sun juya ne bayan gwamnatin Inƙaz ta hau a ranar 30 ga Yuni, 1989. Taron ilimi na 1990 ya rushe tsarin shekara shida da uku da uku da aka kafa a 1970 zamanin Numeiri, aka kawo na asas mai shekara takwas, sai sakandare uku. A watan Fabrairu na 1992 ministan kuɗi Abdurrahim Hamdi ya sakar wa kasuwa mara, farashin komai ya tashi. Sannan a 1994 aka yanka ƙasa jihohi 26, aka ɗora nauyin makarantun asas a kan jihohi da mahalliyya. Makarantun kwana kuwa aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙar. Mahalliyya ba ta haƙo man fetur, ba ta da kwastan. Abin da take tarawa daga kasuwa da lasisi, in ta yi ƙoƙari ya biya albashi, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Saura fa? Alli, ruwan sha, wutar lantarki, takardar jarrabawa, ladan mai gadi da mai shara, gyaran bayan gida, abincin safe na malamai da kuɗin motarsu, duk sai suka faɗo kan majalisar iyaye. Majalisar iyaye kuma ba ta da wata rijiya da take ɗebowa sai aljihun iyayen. Ko a shekarun da kuɗin mai ke shigowa, kafin Kudu ta ɓalle a watan Yuli na 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, abin da hukuma ke kashe wa ilimi bai kai kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba. Wanda bai ba ka ba ranar da rumbunsa ke cike, me za ka sa rai da shi ranar fari?

Shi ya sa ni ba na ganin laifin shugaban makaranta kamar yadda wasu ke gani. Na taɓa zuwa wata makaranta a fusace saboda an koro mini yarinya, na shirya maganganu masu zafi tun daga gida. Da na shiga na tarar da aji cike maƙil, rabin yaran a kan tabarma, littafi ɗaya a tsakanin yara da yawa, malami kuma yana karya guntun alli biyu don ya raba da maƙwabcinsa, sai bakina ya mutu. Na biya, na fito. Amma biyan da na yi bai sa korar ta zama halal ba.

Lissafin mai neman na yau

Hajj Yusuf unguwa ce da ta kumbura da baƙin wahala: waɗanda farin 1984 da 1985 ya koro daga yamma, waɗanda yaƙin Kudu da na Dutsen Nuba ya raba da gidajensu, da waɗanda suka baro ƙauyuka don neman abin sawa a baka. Makarantu ba su taɓa ƙaruwa daidai da yawan mutane ba. Mutanenmu a cikin wannan taro akasari masu neman na yau ne. Akwai mai agashe da ke hura wuta bayan la'asar, da mai raksha da ke biyan mai ita kullum, da mai karo da jakinsa, da tela, da mai wanki, da uwar da ke dama godogodo ko ta niƙa dakuwa ta kai kasuwa.

Ga irin wannan gida, musahamar farkon shekara ba ita ce babbar matsala ba, domin ana iya cin bashi a biya ta sau ɗaya. Abin da ke karya gwiwa shi ne na kullum. Yaro ba zai zauna tun safe har azahar ba tare da fatur ba, ko da burodi ne da ɗan ful ko ɗa'amiyya. In makarantar na nesa, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Ka ninka wannan sau biyar ko shida, gwargwadon yaran da Allah Ya ba ka, sannan ka ninka da kwanakin wata. Sai ka ɗora yunifom da takalmi da littattafan rubutu, da littafin karatu da aka ce hukuma za ta raba amma sai a kasuwa ake ganinsa. A shekarun 1990 har tufafi masu dabbare-dabbare irin na soja aka sa wa 'yan sakandare, iyaye ne kuma suka saya.

Ajin ƙarshe shi ne mai cin kuɗi. Ana dab da jarrabawa sai a ce akwai darasin la'asar, akwai takardun bita, akwai jarrabawar gwaji, kowanne da farashinsa. Yaron da makinsa bai kai a ba shi gurbi a sakandaren gwamnati ba, sai a nuna masa azuzuwan ƙungiyar malamai, waɗanda ke cikin ginin gwamnati amma da kuɗi ake shiga. Mai hali kuwa tuni ya ɗauke nasa ya kai makarantar kuɗi, shi ya sa ba a jin muryar manya a kan lalacewar ta gwamnati.

Kuma duk wannan lissafi a kan kuɗin da ba ya tsayawa wuri ɗaya ake yinsa. Mun ga jine ya koma dinari a 1992, dinari ya koma jine a 2007. A watan Fabrairu na 2021 aka karya darajarsa daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 350 cikin 100. Abin da majalisar iyaye ta yanke a farkon zango, kafin ƙarshensa ba ya sayen kwalin alli, sai a sake aiko da takarda. Su ma malaman wutar ta ci su. A ƙarshen 2022 kwamitin malaman Sudan ya shiga yajin aiki, yana neman a ɗaga mafi ƙarancin albashi daga jine 12,000 zuwa 69,000, a kuma ware wa ilimi kashi 20 cikin 100 na kasafin kuɗi.

In lissafi ya ƙi, an san wanda ake fara cirewa. Yarinya ce, a ce ta zauna ta taya uwa talla kafin miji ya fito. Sai babban ɗa namiji, ya tafi Suƙ Sitta ko Suƙ Libiya ta Umdurman ya kama dardaga, yana tura kayan mutane, kuma ita ma dardagar hayarta yake biya kullum. Wasu iyayen sai su ce ai ga khalwa, kamar ta Umm Dawwan Ban da Shaihu al-Ubaid Wad Badr ya kafa, nan gabas da mu, inda ba a tambayar almajiri musahama. Babu mai raina karatun Alƙur'ani, shi ne gadonmu tun daga Sakkwato har Mai Wurno. Amma a zaɓe shi don so daban, a tura yaro don babu kuɗin fatur daban.

Kuɗin da mu kaɗai muke biya

Akwai wani nauyi da maƙwabtanmu da yawa ba su san shi ba, shi ne na takarda. Ana neman takardar haihuwa wajen rajista, kuma tun da aka fito da lambar ɗan ƙasa a 2011, ita ake tambaya in yaro zai zauna jarrabawar shahada. Dokar 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa na ƙasar tun ƙarshen 1897. Wannan ya bar jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 a waje, balle waɗanda suka zo daga baya a hanyar hajji. Dokar 1994 ta sassauta, ta mai da ma'aunin ranar 1 ga Janairu, 1956. A doka ke nan. A gaban tebur kuwa, sunan kabila kaɗai na iya sa a ce wa mutum ya kawo shaida daga dangin uba, ya dawo gobe, ya dawo jibi. Kowace dawowa kuɗin mota ce, kuma yini guda ne da mai agashe bai hura wuta ba. Ba a rubuta wannan a jerin kuɗin makaranta, amma ya hana yara da dama zama jarrabawa.

Bayan yaƙi

Tun kafin a harba harsashin farko, a watan Satumba na 2022, hukumar UNICEF da ƙungiyar Save the Children sun ce yara miliyan 6.9 ba sa zuwa makaranta a Sudan, wato ɗaya cikin uku. Sai ga 15 ga Afrilu, 2023. Zuwa watan Oktoba na wannan shekara adadin ya kai miliyan 19, an kuma rufe makarantu sama da 10,000 a wuraren da ake gwabzawa. Hajj Yusuf ta zauna a hannun Da'am Sari' kusan shekara biyu, sai a watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe Sharƙ al-Nil. 'Yan ajin ƙarshe na 2023 ba su zauna shahadarsu ba sai ranar 28 ga Disamba, 2024, su ma waɗanda suka iya kai kansu inda ake yi, a jihohin da ke hannun soja ko a ƙasashen waje irin su Masar. Wannan ma kuɗi ne ya raba.

A tsawon wannan wahala, tukwanen takaya ne suka riƙe ran waɗanda ba su iya gudu ba. Samarin unguwa da iyaye mata, da taimakon 'yan'uwa da ke waje, suka ciyar da jama'a ba tare da hukuma ba. Abin alfahari ne, amma ina tsoron a mai da shi hujja. Makarantu da yawa a jihar Khartum an wawashe su, an cire ƙofofi da tagogi, kujeru sun zama itacen girki, harabar wasu ma ta zama maƙabarta. In aka ce wannan gyara ma nafir za a yi, iyayen da suka dawo suka tarar da gida babu ko katifa su ne za su sayi kwano da siminti, to an sake maimaita 1994 ne a kan mutanen da ba su da abin da suke da shi a 1994.

Ba wai abin ba ya yiwuwa ba ne. Uganda ta soke kuɗin firamare a 1997, Kenya ta bi sahu a 2003, yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru a makarantun Kenya a shekarar kaɗai. Abin lura shi ne, a ƙasashen biyu hukuma ta riƙa aika wa kowace makaranta kuɗi gwargwadon yawan ɗalibanta, don ta sayi abin da da iyaye ke saya. Shelarmu ta 2020 ba ta zo da irin wannan ba, shugaban makaranta ya ga an hana shi karɓa, ba a kuma ba shi ba, sai ya koma wa tsohuwar hanya. 'Yan'uwanmu na Nijeriya ma sun san wannan rawa, da dokarsu ta ilimi kyauta ta 2004 da kuma harajin ƙungiyar iyaye da malamai.

Mu ma da namu sakacin. Majalisar iyaye ita ke yanke musahama, ita ke da ikon yafe wa maraya da gidan da ke da yara da yawa, amma ranar taro ka duba ka ga Hausawa nawa ne a zaune. Mukan ce ba mu da lokaci, ko Larabcinmu na taro bai kai ba, sai a yanke a bayanmu, mu zo muna gunaguni a bakin masallaci. Wanda ya zauna a majalisar yana iya tambayar rasit, yana iya cewa a karanta abin da aka tara da inda aka kashe, yana iya tsayawa a kan cewa ba a korar yaro saboda bashin ubansa. Matanmu kuma sun daɗe da sanin sanduƙ, adashin da ake yi don biki da kayan ɗaki. Babu abin da ya hana a yi wani zubi da kwasarsa za ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta.

Sai dai akwai waɗanda ko sanduƙ ba zai taimaka musu ba. Yaron da yake aji huɗu ranar da yaƙi ya tashi, yanzu ya yi tsawo, muryarsa ta fara buɗewa, kuma ya saba kawo kuɗin cefane gida da yamma. In ya koma, da ƙannensa zai zauna a tabarma ɗaya, a kuma nemi ubansa ya biya masa musahama.